Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Kwamfuta Mai Kunnuwan Zomo

Zuwa ga Hajiya XO, koriyar kwamfutar yara, a duk sito ko ƙarƙashin gadon da takardar nan ta same ki.

Ya ƙura, ya kuma zaman kaɗaici? Shirunki ne ya yi yawa, na ce bari in neme ki, tunda masu yi miki kirari a da duk sun koma wasu hidimomin.

Ba kya mantawa da ranar da aka fito da ke a Tunis, cikin Nuwamban 2005. Kofi Annan, babban sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya na lokacin, da kansa ya tsaya gaban 'yan jarida yana nuna ki, ga ubanki Nicholas Negroponte na jami'ar MIT ta Amurka a gefe. Aka ce dala 100 ne kuɗinki, kowane ɗan talaka a duniya zai mallaki tasa. Aka ce ba ruwanki da wutar lantarki, akwai wani mariƙi a gefenki da yaro zai yi ta juyawa har ki cika da caji. Annan ya kama mariƙin zai gwada, sai ya ɓalle masa a hannu. Da akwai tsohuwa a wurin, da ta ce a koma gida a sake shawara. Ko da kika fito kasuwa a 2007, mariƙin ya ɓace, kuɗinki kuwa ya haura dala 180.

Ban zo cin fuskarki ba, Hajiya, don kina da kirki. Fuskarki ana karanta ta ko a tsakar rana, abin da wayoyinmu masu tsada har yau suke fama da shi. Kina jure faɗuwa daga hannun yaro. Sai kunnuwan nan biyu da ake ɗagawa, waɗanda ashe eriya ce. Dabarar ita ce ki kama 'yar'uwarki ta iska, babu waya ko ɗaya, ita ma ta kama ta gaba, ana miƙa saƙo hannu da hannu har ya kai ga wadda ke kusa da intanet ɗin makaranta. Yaron da gidansu ke bayan gari sai ya ci albarkacin maƙwabcinsa. Wallahi tunani ne mai daɗi. Amma da aka tara ku aji guda, kowace ta buɗe baki tana kiran 'yan'uwa, babu mai sauraren kowa, hanya ta cushe. Ƙannenki da aka ƙera daga baya ma an raba su da wannan surutun gaba ɗaya.

Mu a nan mun gan ki a firamaren Galadima da ke gefen Abuja, a 2007, ke da 'yan'uwanki kusan 300. Gwamnatin Obasanjo ta yi maganar sayen miliyan guda. Ya sauka a watan Mayu na shekarar, miliyan ɗin ta bi shi. Ministan ilimin da ya zo daga baya ya tambayi amfanin kwamfuta ga yaran da ba su da bencin zama, kuma duk haushin da masoyanki suka ji, ba su kawo benci ba. Ana cikin haka sai ga labari a jaridu cewa wasu yaran sun leƙa shafukan da ko babba sai ya rufe ƙofa. Nan ne fa aka tuna da tace abin da ke shigowa, bayan ɓarawo ya riga ya tsallake katanga.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda ubanki ya ɗauki malami. A lissafinsa yaro da na'ura sun wadatar, malami ɗan rakiya ne. Har ya taɓa cewa za a riƙa jefo kwamfutoci daga jirgi mai saukar ungulu a ƙauyuka, a dawo bayan shekara a ga ko yara sun koyi karatu. Ni dai da na yi shekaru ina goge allo da tsumma, na san yaron da ke riƙe littafi a juye ba jirgi yake jira ba. Ƙasar Peru ta sayi irinki sama da 800,000. A 2012 Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka ya auna makarantu 319 na karkara, ya tarar yaran sun iya sarrafa ki, tunaninsu ya ɗan ƙara kaifi, amma lissafi da karatu suna nan inda aka bar su. Yawancin makarantun ma babu intanet, kunnuwanki na sama suna sauraren iskar duwatsu.

Sai Uruguay, inda kika yi gidan miji na gaske. Daga 2007 zuwa 2009 suka ba kowane ɗan firamaren gwamnati tasa, amma suka haɗa da abubuwan da ba a ɗaukar hoto da su: intanet a makaranta, horar da malamai, masu gyara idan allo ya fashe, da kasafin da ake sabuntawa duk shekara. Shirin nasu, Ceibal, yana nan da rai, kuma da korona ta rufe makarantu a 2020 shi ya riƙe su. Ƙasar ba ta kai mutum miliyan huɗu ba, na sani, Kano kaɗai ta ninka ta.

Kada ki ɗauka tafiyarki ta raba yaranmu da kwamfuta. Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawar shiga jami'a kan kwamfuta kacokan. Yanzu akwai ɗalibin da ranar jarrabawa ce ranar farko da zai zauna gaban allo da madannai, yana lalube agogo na gudu. An ce ba a fafe gora ranar tafiya, mu kuwa a tasha muke fafe namu.

Na ji ana shirin kawo jikokinki, masu shafe-shafe da masu amsa tambaya da bakinsu, kuma kirarin da ake musu naki ne sak, ko waƙafi ba a canza ba. Don Allah idan kun haɗu ki ce su taho da cajarsu, da kuɗin data na shekara biyar, da lambar mai gyara. Makullin ɗakin kwamfuta kuma yana wurin hedimasta, shi kuma ya tafi sakatariya bin bashin albashi.

Ki gaida sauran 'yan sito.

Naki,
Wani malamin firamare mai ritaya