Gero Ƙwaya-Ƙwaya

A kasuwar Tambuwal, in ka ce wa mai awo ya ƙirga maka gero ƙwaya-ƙwaya, zai ɗauka rana ce ta taɓa ka. Amma haka wasu samarinmu masu rubuta manhaja suke yi wa rumbun bayanai, har a biya su.

A ce sunayen manoman Tambuwal da Kebbe ne, ana so a ƙara wa na fadama buhun taki guda. Sai yaro ya tsara: ɗauko suna na farko, duba, gyara, ajiye, koma ɗauko na biyu. Kowane suna sai an je rumbun an dawo, a kan intanet ɗin da hadari kaɗan ke kayarwa. Janareto na shan mai, shugaban sashe na leƙowa.

"Ɗana, ya ake ciki?"

"Yallaɓai, tana lodi."

Mai ya ƙare a tsakiya. Rabi sun samu taki a rubuce, rabi ko oho, in aka sake kunnawa wasu su tashi da biyu.

Tun 1970 Edgar Codd na kamfanin IBM ya nuna yadda za a riƙa sarrafa bayanai a dunƙule, daga nan harshen SQL ya samo asali. Jimla ɗaya ta isa: duk mai gona a fadama, ƙara masa buhu. Injin rumbun ya zaɓi gajeriyar hanya da kansa, ya yi duka ko ya fasa duka. Illarsa ɗaya, aiki kan ƙare kafin la'asar, alawus ɗin kwana a ofis kuma ya bi ruwa.