Dawakai 194 a Hanyar Lugu

Ni malamin makaranta ne a Dogondutsi, kuma a nan Nijar "mushe" ake ce wa malamin lekwal, aro daga Faransanci. Shekara da shekaru ina amsa sunan nan ban taɓa jin ciwonsa ba, sai ranar da na tafi suna Lugu.

Taubashina ne ya ja mini, ɗan Gwaggo. Shi ya fara sayo Toyota Celica mai ƙofa biyu, ja wur, irin wadda aka ƙera daga 1999 zuwa 2006. Kullum da la'asar sai ya zo fadarmu ta shayi ya ajiye ta daidai inda kowa zai gani, ya jefa makulli kan tabarma, ya dube ni ya ce, "Bawana, har yanzu kana kan babur ɗin nan mai tarin fuka?" Wasan taubasai ba a fushi da shi a fili, sai dai a rama. Na shiga adashi, na sayar da babur, na ƙara da bashi, na ba wani dillali ya sayo mini mota daga Kwatano, lokacin kan iyakar Gaya na buɗe.

Ranar da ta iso sai da yara suka biyo ta har ƙofar gida. Peugeot 406 ce mai ƙofa biyu, ta 1998, shuɗiya. Kamfanin Pininfarina na Italiya, wanda ya zana wa Ferrari motoci da yawa, shi ya zana jikinta. Injinta mai silinda shida ne, lita uku, ƙarfin doki 194. Ta taubashina kuwa silinda huɗu ce, lita 1.8, doki 143. Na ɗauko alli na yi lissafin a jikin bangon fada: na fi shi da doki 51.

Daga ranar fada ta rabu biyu. Ƴan ɓangarensa suka ce Celica ta fi tawa rashin nauyi da kusan buhu uku na gero, don haka ta fi jin sitiyari a kwana, kuma ba ta shan mai kamar raƙumin da ya fito daga Tenere. Ƴan ɓangarena suka ce in an miƙe hanya ƙura kawai zai sha. Ni kuma na kawo tarihi. Na ce kakar motata, 504 mai ƙofa biyu da silinda shida, ita ta ci gasar Safari ta Kenya a 1978, ta kuma ci ta Bandama a Kodebuwa a wannan shekarar. Na ce gidanmu gidan gudu ne, gado muka yi. Har na yi musu darasi kyauta: ƙarfin doki ɗaya shi ne ƙarfin da zai ɗaga kilo 75 tsawon mita ɗaya cikin daƙiƙa ɗaya, kuma wani Bature James Watt ne ya yaɗa auna injin da doki. Mai dafa shayi ya ce, "To Mushe, jaki fa nawa ne?" Aka yi dariya, ni ma na yi. Da na san gaibu da ban buɗe baki ba.

Doki 51 bai ishe ni ba. Na ga hotunan motocin tsere a waya, duk cikinsu na shafar ƙasa, sai na tafi wurin bakanike na ce a yanke mata sifirin ta sauka. Ya ajiye sifana ya dube ni.

"Mushe, a garin nan ɗaga mota ake kawo mini. Kai ne na farko da ya zo a sauke masa."

Na ce masa ilimi ne, in mota ta yi ƙasa nauyinta ya yi ƙasa, ba ta tangaɗi a kwana. Ya ce gaskiya ne, a ƙasar da ke da kwana. Na dage, ya yanke. Na sa aka cire tayoyinta masu kauri aka sa masu faɗi, sirara kamar zoben azurfa. Na sa aka huda salansa don ta riƙa ruri. Na sa aka cire akwatin matatar iska aka ɗaura wata buɗaɗɗiya, wai don injin ya shaƙi iska sosai. Bakanike ya karɓi kuɗinsa ya ce, "Allah ya tsare hanya," da irin muryar da ake yi wa mara lafiya sannu.

Mun gwada sau ɗaya, da sassafe, a kan babbar kwaltar da ta taso daga Yamai ta bi ta garinmu ta nufi Birnin Ƙonni. A miƙaƙƙiyar hanya na wuce shi kamar yana tsaye. Sai muka iso wani ƙauye mai tudun rage gudu, wanda da Faransanci ake kira bayan jaki. Taubashina ya haye abinsa. Ni kuwa sai da na karkace, na hau a gicciye, taya ɗaya bayan ɗaya, cikin motar na ƙara kamar ana kankare ƙanzo. Kafin in gama da tudu na uku ya kai inda muka yi alkawari ya sayi ƙosai. Muka koma fada kowa na cewa shi ya ci.

Ana nan da kaka sai aka yi wa Baffa jika a Lugu. Na kira waya, layin na yankewa, wani yaro ya ɗauka. Na ce, "Ka gaya wa Baffa ina nan tafe ranar suna da dawakai 194." Raha na yi. Yaron bai san raha ba ce.

Ana gobe suna Gwaggo ta aiko a ce ni zan kai ta, don ɗanta ya ce motarsa ba ta da lafiya. Na yi murna har na kasa barci, a zatona tsoro ya ji.

Da asuba Gwaggo ta zagaya motar sau biyu.

"Ɗan nan, ina sauran ƙofofin? Ko kuɗinka ne bai kai ba?"

Na ce haka ake yin ta, Gwaggo, ta manya ce. Ta ce ita dai a saninta babban gida shi ke da ƙofofi da yawa. Ga ta da ƙwarya uku, da buhun shinkafa, da rago. Na kwantar da kujerar gaba, muka tura ragon baya da ƙyar, shi da ƙore. Gwaggo ta zauna gaba, gwiwoyinta sun kusa taɓa haɓa, ta ce tunda take ba ta taɓa zama a ƙasa cikin mota ba sai yau.

Har Matankari lafiya lau, in ban da ragon da ke amsa wa salansa duk lokacin da na taka. Bayan nan ne muka saki babbar hanya muka shiga ta ƙauye. Wanda ya san ƙasar Arewa ya san yashin Dallol Mawri. Amalanke da manyan motoci sun haƙa rami biyu a gefe, sun bar tudu a tsakiya kamar kunyar dankali. Na ce a raina gudu ne maganin yashi. Na sa giya ta biyu na taka. Muka yi ta iyo, sitiyari na rawa a hannuna, Gwaggo na salati, rago na kuka. Can sai na ji wani dogon gurzo daga ƙasa, motar ta haye tudun nan ta zauna daram, kamar kaza a kan ƙwai.

Na taka mai. Tayoyin gaba, waɗanda su ke jan motar, suka yi ta juyawa suna watsa yashi sama. Na sake takawa, suka haƙa wa kansu kabari. Dawakai 194 duk suna nan, suna haniniya, amma babu mai kofato a ƙasa. Direbobin daji in yashi ya kama su sukan rage iskar taya don ta baje. Na duba nawa, babu abin ragewa, ƙarfe ne da ɗan baƙin zare. Matatar iskar da na ɗaura ta sha ƙura ta ƙoshi, injin ya fara tari, allurar zafi ta tashi tsaye. Na kashe. Shiru ya sauka, sai kukan kurciya.

Na tuɓe babbar rigata ta shadda na shiga tono da murfin ƙwaryar Gwaggo. Ina cikin haka na ji ƙugin mota. Wata tsohuwar 504 ce mai buɗaɗɗen baya, irin ta ƴan kasuwa, ƙofarta ɗaure da igiya, ƙarfinta bai kai rabin na tawa ba. Ta ɗauko mutum ya fi goma sha biyar, da buhuna, da akuya. A can ƙololuwar kaya, wa zan gani? Taubashina, da rawani, yana cin gyaɗa.

"Bawana, sannu da aiki! Rijiya kake haƙa mana?"

Na ce ba ka ce motarka ba ta da lafiya ba? Ya ce lafiyarta ce ta sa ya bar ta a gida. Ya ƙara da cewa waccan kakar tawa da ta ci Safari ɗaga ta aka yi, aka sa mata faranti a ciki, kuma da tayoyin baya take turawa, kamar wannan da yake kai. Direban ya ce in ya tsaya ja na shi ma zai nutse. Aka ɗauki Gwaggo da ƙorenta da rago, aka bar ni da kudaje.

Sai wajen azahar wani manomi ya zo da shanun huɗa biyu. Muka daidaita, ya ɗaura igiya. Ya yi musu tsaki sau ɗaya, suka sunkuyar da kai, motar ta fito salin-alin. Injin ya ƙi tashi, don haka a haka muka ƙarasa, shanu a gaba, ni a sitiyari, jakin manomin na biye da mu kamar mai duba aiki.

A bakin gari na tarar da taro, har da makaɗa. Ga harawa dami-dami an tara a gindin gawo, ga kwatarniyoyi cike da ruwa. Baffa ya fito da sandarsa, ya dubi shanu, ya dube ni, ya leƙa bayana.

"Ɗana, ina dawakan?"

Na nuna masa murfin injin na ce suna ciki. Ya daɗe yana kallo. Ya ce shi dai ya san ba za su kai 194 ba, don ko Sarkin Arewa bai fita da haka, amma ya yi zaton ko ashirin za a gani, shi ya sa ya ci bashin harawa. Wani tsoho ya tambayi ƙasar da aka yi motar, taubashina ya yi caraf ya ce Faransa. Tsohon ya gyaɗa kai. Ya ce ai ba yau aka fara ba: a watan Afrilun 1899 sojojin Faransa Voulet da Chanoine sun zo garin nan da bindigogi, Sarauniya Mangu ta tare su, kuma ko da suka shiga Lugu ba su ji da daɗi ba, wata uku bayan nan duka biyun sun mutu. Ya ce in har gardamarmu ta mota ba ta ƙare ba, ga dutsen Tunguma nan da kakanni ke kai wa shari'a. Na ce a bar dutse ya huta, yashi ya riga ya yanke hukunci.

Yara suka kewaye motar. Ɗaya ya tambayi taubashina ta wane ne, ya ce ta Mushe ce. Yaron ya ruga yana shela, "Ku zo ku ga mushe, shanu sun jawo!" Har yau ban san ko ni yake nufi ko motar ba.

Ni na biya kuɗin harawa, shanun da suka jawo ni suka ci rabonsu a gabana. Bayan kwana biyu aka ɗora motar a bayan babbar mota zuwa Dogondutsi. Bakanike bai ce uffan ba. Ya shiga ciki ya fito da tsofaffin tayoyina da akwatin matatar iska, ashe ajiye su ya yi, ya san zan dawo. Sifirin kuwa sai da na sayi wasu, don abin da aka yanke ba ya tsirowa.

Motar tana nan, na ɗaga ta, a kan kwalta har gobe taubashina bai kamo ni ba. Amma wanda duk zai sayi mota a ƙasar Arewa, kafin ya tambayi yawan dokinta, ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashinta. In kaza ba za ta iya wucewa a tsaye ba, ya nemi lambar mai shanu tun kafin ya bar gida.