Giya 21, saura ɗaya

Da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, lita ta haura naira 500, sai na jingine babur a zaure na lulluɓe shi da buhu. Albashin malamin firamare ba ya ɗaukar irin wannan wasa. Na shiga Kano na sayo keke ɗan gwanjo, irin na hawan dutse, mai kaurin taya da giya 21, faranti uku a gaba, bakwai a baya. A ƙauyenmu na ƙasar Ɗambatta kuwa, in ka cire shuri da jujin taki, babu abin da za a kira tudu. Ko a jikina. Masu Phoenix da masu tsohon Raleigh na gado duk sai da suka zo kallo, ina latsa maɓalli, sarƙa na tsalle daga faranti zuwa faranti, yara na shewa.

Hanyar makaranta burtali ne mai rairayi, gonaki dama da hagu, shingen aguwa ya tsare su. Man da nake ɗiga wa sarƙa ya haɗu da turɓaya ya zama kwaɓi, giya ta fara shiga inda ta ga dama. Bayan an yanke dawa, wani kara ya kutsa cikin ƙarfen nan mai reto a gindin tayar baya, wanda ke tura sarƙa yana kuma ɗaure ta, ya lanƙwasa shi.

Mai facin bakin kasuwa, dattijo ne da ya tsufa a gindin darbejiya, ya duba ya girgiza kai. "Malam, wannan jelar sai Kano, in ma an samu. Bari in cire ta, in rage sarƙa, ya koma keke irin na mutane. Wace giyar zan bar maka?"

Na ce tunda ɗaya za a bar min, ai sai ta manya. Babban faranti a gaba, mai haƙori 48, ƙarami a baya, mai 14. Taka feda sau ɗaya, taya ta juya fiye da sau uku. Ya dube ni, ya dubi ƙwaurina, ya ɗauko guduma.

A nan aikin ya cije. Phoenix yana da doguwar tsaga a baya, inda ake ja da taya har sarƙa ta miƙe. Nawa ɗan gurbi ne kawai, taya ta zauna ke nan, ba gaba ba baya. Sarƙa kuma ba ta raguwa sai gaɓa bibbiyu. Ya cire, ta ƙi haɗuwa. Ya mayar, ta yi tumbi. Ya ƙwanƙwasa ta da yatsa ya ce, "Za ta zauna." Jelar kuma ya jefa ta cikin gwangwaninsa.

A kan kwaltar Kazaure, wallahi, keken tashi yake. Amma ranar Juma'a ɗaurin aure ya kai ni cikin ƙauye, ina sanye da shaddar Sallah. Da na faɗa rairayi, feda ta ƙi, sai na miƙe tsaye a kanta ina nishi. Su kuma masu ƙera irin wannan keke, da gangan suke fiƙe haƙoran faranti don sarƙa ta sulale zuwa na maƙota cikin sauƙi. Ba wanda ya sanar da sarƙata cewa an daina wannan harka. Ta haye faranti na kusa, ta ɗaure tamau, feda ta tsaya cak. Ni ban tsaya ba.

Aguwa ba ta da ƙaya, wannan na gode wa Allah, amma farin ruwanta ya yi wa shadda zane tun daga wuya har aljihu. Hula ta shige gonar wake. Ina kwance sai ga wani tsoho yana kora jaki da mangalar taki. Ya tsaya, ya ƙare wa keken kallo.

"Sannu Malam. Ba kai ne mai giya ashirin ba? Ka sa masa wata mana."

An shafa fatiha ina tura keke.

Washegari mai faci ya saurare ni har na gama, sannan ya ce magani ɗaya ne, a samo abin da zai riƙa danne sarƙa. Ya tona gwangwani ya zaro jelata. Ya miƙar da ita da guduma, ya ɗaura, ya ɗaure ta da waya daidai farantin tsakiya, ya sauko da ta gaba ma tsakiya. Keke ya tafi lafiya lau, giya ɗaya, ba ta manya ba. Na ba shi kuɗin aiki. Bai janye hannu ba.

"Saura kuɗin jela."

Na ce, "Baba, ai tawa ce."

"Da taka ce, Malam. Tun ranar da ta shiga gwangwanin nan ta zama kayan shago."