Mutanen Layin Dogo

Tun 1911 jirgin ƙasa ya iso Kano, amma har yau wasu direbobinmu kallon baƙo suke yi masa. Dokar hanya kuwa ba ta da tsawo: in ka iso inda titi ya ƙetare layin dogo, ka rage gudu, ka tsaya, ka duba dama da hagu, ka kasa kunne. Amma tsaya gefen layin rabin sa'a ka sha kallon masu karya ta.

Na farko shi ne Alhaji Zan-Wuce. Da ya hango ana sauke shinge, sai ƙafarsa ta yi nauyi a kan totur. A wurinsa jar fitila tutar fara tsere ce.

Sai Malam Na-Sani. Shekara ashirin yana bin hanyar nan, wai bai taɓa cin karo da jirgi ba, don haka layin ya mutu. Ya manta cewa sau ɗaya ake haɗuwar.

Ga Sarkin Waya. Gilashi a rufe, kiɗa na tashi, yana cinikin fili da wani a Kaduna. Jirgi ya yi ta kuwwa, shi kuwa "albarka" kawai yake faɗi.

Mai adaidaita sahu shi ruwa ne, duk inda ya ga kafa sai ya kwarara. Doka ta ce kada ka hau layi sai ka ga wurin fita a ƙetare. Shi kuwa a tsakiyar ƙarafan yake jiran cunkoso ya warware, har da kiran fasinja.

Babban abin tausayi Baba Mai-Akwala. Duk faɗin gari bai ga wurin sauya giya ba sai kan layi. Mota ta yi tari, ta mutu. "Samari, a taimaka a tura!" Samarin tuni sun yi ta kansu.

Dukansu abu ɗaya suka manta: jirgi ba shi da sitiyari balle ya kauce, kuma mai kaya in ya ɗau gudu yakan share fiye da kilomita kafin burki ya tsayar da shi. Ran 9 ga Maris, 2023, a Ikeja, wata bas ɗauke da ma'aikata ta shiga gaban jirgi, mutum shida suka rasu a ranar. Direba, minti biyun nan da kake ƙyashi, ba da su.