Yadda Ake Tsara Tafkin Ninƙaya A Bayan Gida

Magidancin da Allah Ya hore wa a Kano, idan ya sauke farali, ya ƙara aure, ya ɗaga katanga, abin da ya rage masa shi ne tafkin ninƙaya. Akasari injiniya ake fara kira, kuma nan ake ɓata lissafi. Injiniya siminti da rodi ya sani. Bai san wa ke jin kunyar wa a gidanka ba, alhali aikin ke nan gaba ɗaya.

A fara da girma. Tafkin gasar Olamfik tsawonsa mita 50, faɗinsa 25, yana cin ruwa wajen lita miliyan 2.5. Ba shi kake nema ba, sai fa in kana da wata jiƙaƙƙa da madatsar Tiga. Na iyali mita 8 da mita 4 ya isa. Idan zurfinsa a kan tsaka-tsaki mita ɗaya da rabi ne, zai sha lita 48,000, wato jarka 1,920 mai lita 25. Kurar da ke ɗaukar jarka 12 za ta yi sawu 160. Ya kamata a sanar da ɗan garuwan unguwa da wuri, don shi ma ya fara neman aure. Wanda bai son haka sai ya haƙa rijiyar burtsatse, ya kuma shirya karɓar yaran maƙwabta da bokitai tun asuba.

Sai wurin da za a haƙa. A nisanci sokawe, dalilin ba ya buƙatar bayani. A nisanci darbejiya, don ganyenta bai da wurin zuwa sai ruwanka. Daga nan maigida ya je daidai inda tsakiyar tafkin zai kasance, ya tsuguna, ya ɗaga kai ya waiwaya ko'ina. Duk tagar benen da ya hango, ita ma ta hango shi, kuma za ta hango shi ba riga. Ƙarin bulo a kan katanga ya fi sauƙi a kan ƙaura. Haka nan hanyar da ta taso daga zaure kada ta bi ta bakin ruwa, domin ba a taɓa samun gaisuwar da ta dace da surukin da ya tarar da kai cikin gajeren wando kana wutsil-wutsil ba. Ba ka iya durƙusa masa, in ka durƙusa ka nutse.

Mai mata biyu ya auna nisan tafkin daga ƙofar kowace da tef, a gaban shaidu. Taku ɗaya ya fi kusa da ɗakin amarya, to uwargida ta riga ta ƙirga. Ranakun shiga ruwa su bi ranakun girki.

Zurfi ana yi masa gangara, gefen yara ƙasa da mita ɗaya, ya riƙa ƙaruwa zuwa ɗaya ƙarshen. Gefen mai zurfi na baƙon da zai ce, "Haba Alhaji, ai ni a Wudil na tashi." A ajiye doguwar gora kusa saboda shi. Sauran baƙi ba ruwa suka zo shiga ba. Da babbar riga da guga za su zo, su tsaya a baki, su ce "Masha Allah", a ɗauke su hoto. Saboda haka rumfa da dakali da wurin shimfiɗa darduma sun fi tafkin kansa muhimmanci, kuma tayil ɗin gefe ya zama mai kaushi, don babbar riga in ta jiƙa ta fi mai ita nauyi. A sa famfo da butoci a kusa, in ba haka ba ranar suna kawu zai tsuguna ya yi alwala a ciki, ya kurkure baki ya mayar.

Shinge kuwa ba a wasa da shi. Ya kai aƙalla mita 1.2, ya kewaye ruwan ta ko'ina, ƙofarsa mai rufe kanta, sakata inda hannun yaro bai kai. Yaro shiru yake nutsewa, ba ihu ba fantsama, kuma gidan biki mai mutum hamsin kowa yana zaton wani ne ke kallo.

Ruwan yana son sinadarin kulorin, ma'aunin pH ya zauna tsakanin 7.2 da 7.8, injin tacewa ya yi kamar awa 8 kullum. Awa 8 na wuta, wannan tsakaninka da janareto ne. Da hunturu ƙura za ta taso tun daga kwarin Bodele na Chadi ta sauka a ciki, kuma sanyi zai hana kowa shiga. Da bazara, zafi ya haura digiri 40 a Afrilu, kowace santimita ɗaya da rana ta shanye lita 320 ce. Da damina kwaɗi za su tare, in kuma injin ya tsaya sauro kwana 10 ya ishe shi daga ƙwai zuwa cizo.

Don haka tun wajen zuba siminti a ce wa magini ya sa magudana mai faɗi a ƙasa, ya bar wuri a kusurwa da zai ɗauki buhunan abincin kifi. Tarwaɗa tana isa sayarwa cikin wata 5 zuwa 6, kuma masu gasawa har gida suke zuwa da sikeli.