Rabin Yadi da Sulusin Yadi

A taron iyaye da malamai aka ja mana kunne: manhajar NERDC ba ta ƙarewa a aji, kowane uba ya riƙa duba aikin gida, tunda jarrabawar shiga sakandare ta NECO tana jiran yaran a aji 6. Na fi kowa gyaɗa kai. Mai shago a Kantin Kwari, wanda ke lissafin dilar atamfa da ka, lissafin ɗan aji 5 ne zai gagare shi?

Da daddare yarona ya kawo littafi: 1/2 a tara da 1/3. Ya rubuta 5/6. Na karɓi abin gogewa na share, na ce ɗaya da ɗaya biyu, biyu da uku biyar, 2/5 ke nan. Ya ce, "Baba, Malama ta ce sai an daidaita na ƙasa tukuna." Na ce Malamarku ta taɓa riƙe shago? Sauran tambayoyin ma haka na bi su, da birona, har da sa hannu.

Washegari na je ɗaukarsa. Bakin ƙofa cike da iyaye da 'yan adaidaita, sai ga Malama da littafin a buɗe, an zana ƙaton ƙwai da jan biro. Ta gaishe ni cikin ladabi, ta ce, "Alhaji, wa ya taya shi wannan aikin?" Kafin in haɗiye yawu yaron ya ɗaga murya: "Baba ne! Ni na rubuta daidai, ya goge!"

Malama ba ta yi dariya ba, da ma ta yi. A hankali ta ce, "Alhaji, in na sayi rabin yadi a wurinka, na ƙaro sulusin yadi, sai abin da zan tafi da shi ya kasa kai rabin yadin?" Rabin yadi! Duk duniya ta rasa misali sai yadi. Na dubi 2/5, na dubi sa hannuna da ya sha lanƙwasa a ƙasansa. Wata hajiya da ke sayen leshi a shagona ta gyara mayafi ta ce daga yau da tef ɗinta za ta riƙa zuwa.

Ina neman hanyar sulalewa Baba maigadi ya riƙo hannun rigata. "Alhaji, abin ba na tashin hankali ba ne. Zabibi 21 kullum da safe, kafin a sa komai a baki. A haɗa da kan kifi, a daina kwana da hula, tana dafa ƙwaƙwalwa."

Na ce to, Baba, zan saya wa yaron.

Ya ce, "Wane yaro? Ai shi lafiyarsa ƙalau."

Yanzu uwarsa ke duba aikin gida. Ni an bar mini biyan kuɗin makaranta, shi ma sai ta sake ƙirgawa.