Mutanen da Ke Tsakaninka da Injin Tsohuwar Tarakta

A ƙauyuka da bayan garuruwan Amurka akwai wata 'yar ƙaramar tarakta, tsayinta bai wuce ƙugun mutum ba. Ana hawanta a yanke ciyawar ƙofar gida, a ja 'yar garma a lambu, in hunturu ya kama a ture dusar ƙanƙara daga hanya. Wheel Horse ja ce, daga South Bend ta jihar Indiana ta fito. Cub Cadet, wadda kamfanin International Harvester ya shigo da ita kasuwa a 1961, rawaya da fari ne kayanta. John Deere 110 ta biyo baya a 1963 da korenta. Da yawansu inji iri ɗaya ne a cikinsu: Kohler mai fistin ɗaya, na zubin baƙin ƙarfe, wanda aka daina ƙerawa tuntuni. Gangar jikin taraktar ba ta san tsufa ba. Injin ne ke bugawa, galibi ranar da maigida ya manta bai duba baƙin mai ba, domin ba shi da famfon mai, wani ɗan cokali ne a gindin kwanrod ke watsa man sama. In man ya ja baya, cokalin ya ɗebo iska, ƙara ɗaya za ka ji, shi ke nan. Daga ranar mai tarakta ya shiga neman wani injin, kuma ba injin ne zai ba shi wahala ba, mutane ne.

Wanda zai fara cin karo da shi, ko a Craigslist ko a kasuwar Facebook, shi ne Mai Lafiya-lau-na-ajiye-shi. Hoto ɗaya yake sawa, da daddare aka ɗauka, rabin injin a cikin ciyawa. Ka tambaye shi, yana tashi? Sai ya ce ai lafiya lau yake aiki ranar da aka ajiye shi. Ba ƙarya ya yi ba. Abin da bai faɗa ba shi ne a zamanin mulkin Reagan aka ajiye shin, kuma tun daga lokacin ɓeraye sun yi aure a cikin murfinsa, sun hayayyafa, sun aurar da jikoki. Ka ce ya juya filawil da hannu ka gani, sai ya ce ɗan tsatsa ne, da ka zuba masa mai ya kwana zai saki. Wanda ya goge a sana'ar ma yana da mafaka ta ilimi. Akasarin waɗannan injinan suna da wata 'yar dabara da ke ɗan buɗe bawul a lokacin tayarwa don a rage wa sitata nauyi, saboda haka in ka gwada ƙarfin matsin iska a kansu, lambar da za ta fito ƙarama ce, ko injin lafiyayye ne ko gawa. Mutumin ya san haka sarai. Duk lambar da ma'auninka ya nuna, amsarsa guda: “Ai haka suke.”

Maƙwabcinsa shi ne Na-san-abin-da-nake-da-shi. Wannan ya taɓa ganin an sayar da irin injinsa, wanda aka sabunta aka yi wa fenti, da tsada a eBay, tun daga ranar ya ɗora wa nasa mai fasasshen bulok farashi ɗaya. Ba a taya masa. Tallarsa ta shekara uku tana nan, shi kuma yana ganin duniya ce ba ta san daraja ba. Kishiyarsa Magaji ne, saurayin da kakansa ya rasu ya bar masa rumbu cike da ƙarafa, yana son wurin ya zama fili kafin Asabar. A kuɗin cefane zai sallamar da injin da ba a taɓa buɗewa ba. Magaji gaskiya ne akwai shi, amma kullum minti goma kafin ka kira wani ya riga ka.

Sai Malamin Lamba, wanda dole a zauna a kansa, domin shi ma ba ya barin mutum ya tashi. Ka ce masa kana neman Kohler mai ƙarfin doki 12, sai ya dube ka da tausayi. Zai fara da karatun farko: K241 doki 10, K301 doki 12, K321 doki 14, K341 doki 16. Kana murna ka ce to K301 nake so, sai ya ce wanne daga ciki? Ashe a jikin farantin da ke liƙe a murfin injin akwai wata lamba ta biyu, ita ce ke faɗin wa aka ƙera wa injin da kuma yadda aka ƙera shi. Cub Cadet sanda ce ke kai ƙarfin injin zuwa giya, injin yana zaune a miƙe. Wheel Horse kuwa bel ne ke ja daga gefe, injin yana zaune a gicciye. Saboda haka tsawon karanshaf da kaurinsa sun bambanta, kaskon mai na ƙasa ya bambanta, ramukan da noti zai shiga sun bambanta, har wurin da ma'aunin mai yake. Wani injin sitatarsa ita ce kuma janaretarsa, da bel ake haɗa su, wani kuma sitata ce mai haƙori. Malam zai bi da kai duk wannan a tsaye, a rana, ba tare da ya sha ruwa ba, sannan ya rufe da labarin wasu ƙananan giyoyi na daidaita girgiza da ke cikin wasu injinan, waɗanda masu abin ke yi wa laƙabi da gurneti saboda yadda suke tarwatsa bulok in sun kwance. Abin haushi game da Malamin Lamba shi ne duk abin da ya faɗa gaskiya ne. Wanda ya gaji da wa'azinsa ya tafi ya sayi inji da ido, shi ne za ka gani bayan wata guda yana tallar “K301 mai kyau, bai dace da tawa ba.”

Malam ne zai ba ka kwatancen gidan Sarkin Tara. A rumbun wannan bawan Allah injina ne jere a kan kanta, kowanne da takarda a ɗaure, har da ainihin wanda kake nema, mai lambar da ta yi daidai da taka. Zai nuna maka shi, ya bar ka ka shafa, ya ba ka tarihinsa tun daga gwanjon da ya saye shi. Da ka sa hannu a aljihu sai fuskarsa ta canja. Wannan na ajiya ne, in na taraktarsa ya buga. Wancan kuma na ajiya ne, in na ajiyar ya buga. Na ƙarshen can na jikansa ne, wanda yanzu ake yaye shi. Ba mugu ba ne, kofi ma zai ba ka. Yana dai jin daɗin a zo a nema ne. In ka yi haƙuri shekara goma sha biyar, a hannun Magaji za ka same shi, in wani bai riga ka ba.

Shi kansa mai neman ba a tsame shi daga layin ba. Da kuɗin da zai kashe, inji da dako da fetur na zirga-zirga, zai iya shiga kanti ya fito da sabuwar na'urar yankan ciyawa mai garanti. Ya sani. Amma a kan wannan taraktar mahaifinsa ya fara ɗora shi yana yaro, kuma sababbin roba ce da gwangwani, in ji shi. Lissafi ba ya shiga wannan magana.

A ce dai an dace, an samu injin. Yana Ohio, kai kana Texas. Nan sabuwar tawaga take jira.

Injin K301 ya haura kilo 50. Gidan waya na Amurka ba ya karɓar ƙunshin da ya wuce fam 70, wato wajen kilo 32, don haka wannan ƙofa a rufe take. UPS da FedEx suna karɓa har fam 150, wajen kilo 68, sai dai fa a tsiyaye fetur da baƙin mai tas. Tazarar da ke tsakanin nauyin injin da wannan iyaka ita ce filin da maɗaura kaya biyu suke baje kolinsu. Na farko Mai Kwali ne, wanda ya yarda cewa ƙarfe ba ya jin ciwo. Kwalin tsohuwar talabijin zai samo, ya jefa injin, ya cusa jaridu biyu da tsohuwar riga, ya naɗe da salatif. Kayan zai iso karanshaf ya huda kwalin ya leƙo waje, kafireta ta karye daga wuyanta, fukafukan filawil biyu suna kaɗawa a ƙasa, man da ya rantse ya tsiyaye kuwa ya jiƙa komai. Ka kira shi, sai ya ce lafiya lau ya bar hannunsa. Dangin Mai Lafiya-lau-na-ajiye-shi ne, ta wajen uwa. Na biyu Kafinta ne. Shi akwatin katako zai ƙera, ya ɗaure injin da noti a gindi, ya yi masa ginshiƙai, ya bi da kusoshi masu murɗi har sai ya rasa wurin sa wani. Ko daga saman bene aka jefo akwatin ba abin da zai samu injin. Matsalar ita ce akwatin ya kusa nauyin abin da ke ciki, an haura fam 150, kaya ya tashi daga sahun ƙunshi ya koma sahun lodin tirela.

A sahun tirela kuwa komai da kuɗinsa. Sai an ɗaure kayan a kan dandamalin katako. In gida za a kai maka ba shago ba, akwai ƙari. In kana son mota mai ƙofar baya da ke sauke kaya ƙasa, akwai ƙari. Wanda ya yi rowar wannan ƙarin na ƙarshe zai haɗu da Direba Ba-aikina-ba-ne, wanda zai tsaya a bakin titi, ya buɗe bayan tirela, ya harɗe hannu yana duban agogo, kai kuma kana duban kilo 80 a sama da ƙirjinka. Sau da yawa kuɗin dakon ya kan kamo kuɗin injin, har ya wuce.

Shi ya sa ake son Ɗan Zumunci. Dattijo ne mai ritaya, yana da akori-kura da lokaci, ba ya rasa taron masu tsofaffin injina, musamman babban da ake yi a Portland ta jihar Indiana kowane watan Agusta. Ya ji kana da kaya a Ohio, sai ya ce ai hanyarsa ce. Zai ɗauko ya kai taron, ya damƙa wa wani abokinsa mai zuwa Missouri, shi kuma surukinsa yana gangarawa Oklahoma wajen bikin 'yarsa. Duk wanda ya taɓa ba direba saƙo a tashar mota, ya kwana yana kiran lambar yaron mota, ya san yadda zuciya take a irin wannan hali. Ɗan Zumunci ba ya karɓar ko sisi, in ka matsa ma sai ransa ya ɓaci, kuma injin zai iso ba ƙwarzane. Sai dai zai iso a watan Nuwamba, bayan ciyawa ta daina tsiro.

Duk wannan ana yi Uwargida tana kallo ta taga. Maigida ya ce mata wani mutumin kirki ne ya ba shi injin kusan kyauta. Ta ce madalla. Ita ce ke buɗe takardar banki a ƙarshen wata.

Akwai kuma Ɗan Tawaye, wanda bai bi ta kan kowa a cikinsu ba. Ranar da injinsa ya buga ya shiga kantin Harbor Freight ya sayi sabon Predator ƙirar Sin, ko in aljihunsa da nauyi ya sayi Honda GX390. Ya huda sababbin ramuka a firam, ya yanke gefen bonet don salansa ta samu hanya, kafin la'asar ɗin Lahadi yana kan ciyawa. A wurin taro Malamin Lamba ba ya amsa gaisuwarsa, Sarkin Tara kuwa in ya ɗaga bonet ɗin sai ya mayar a hankali ya yi gaba, bai ce uffan ba. A duk unguwar, ƙofar gidan Ɗan Tawaye ce kaɗai a share.

Na bar tsohon Mai Lallausan Hannu a ƙarshe domin shi ma a ƙarshe ake tunawa da shi, alhali shagonsa bai fi tafiyar rabin awa daga gidan mai neman ba. Shi ne mai injin gyaran ramin fistin. Zubin baƙin ƙarfe yana karɓar gyara: ana iya faɗaɗa ramin da kashi 10, ko 20, ko 30 cikin dubu na inci, a sa fistin da ringi masu girman da ya dace, a goge karanshaf, a sa sabon kwanrod, kuma har yau ana samun waɗannan kayan a kasuwa. Muddin kwanrod bai fasa bulok ya fito ba, injin da aka yi wa ta'aziyya zai iya tashi, ga shi lambarsa daidai da taraktar tun asali, ba dako, ba kwali, ba direba. Tsohon ba ya ɗaga waya, ba ya rubuta rasit mai karantuwa, kuma duk ranar da ka je zai ce ka dawo bayan sati biyu. Sati biyunsa kan kai wata uku. Duk da haka, da ni ne mai taraktar, Malamin Lamba zan ba kunnena, wannan tsohon kuma in ba shi kuɗina, tun kafin ya rufe shago, domin irinsa raguwa suke yi kuma yawancinsu ba su da yaran da suka koya wa aikin.